A koya wa yara kawo ƙara gida kafin a damƙa musu waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan wasiƙa daga Makka, inda na daɗe ina sana'ar ɗinki, domin in ja hankalin iyaye Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina a kan abin da yaranmu suke haɗuwa da shi a intanet.

A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu aka mayar da karatu kan manhajar Madrasati, sai da kusan kowane gida ya nema wa yara waya. Makarantu sun buɗe tuni, amma wayoyin suna nan a hannunsu. Mu kuma lamarinmu ya fi wuya, domin yaran da aka haifa a nan sun fi mu Larabci, su ne ma suke karanta mana saƙon banki da na Absher, manhajar hidimomin gwamnati, har uba ya ɗauka cewa tunda ɗansa ya fi shi iya danna waya, to ya fi shi sanin mugun mutum. Wannan kuskure ne babba.

Ɗan maƙwabcina, yaro mai shekara 12, ya yi aboki a wani wasan intanet, wanda ya ce masa shi ma yaro ne. Ya fara da yi masa kyautar kuɗin wasa, sannan ya roƙi hoto, daga baya ya ce zai watsa hoton idan bai turo masa lambobin sirrin da suke shigowa wayar mahaifinsa ba. Yaron ya yi mako uku ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, kuma bai gaya wa kowa ba. Da asiri ya tonu, na tambaye shi dalilin shirunsa, sai ya ce mini, "Baba, duka nake tsoro, kuma za a ƙwace wayar." Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau, domin tsoronmu ne ya riƙe bakinsa, kuma da wannan tsoron macucin ya samu yadda yake so.

Don haka darasin farko shi ne yaro ya ji daga bakin iyayensa, tun kafin wani abu ya faru, cewa idan aka tsorata shi ko aka nemi hotonsa, ya faɗa, ba wanda zai taɓa shi. Bayan haka a koya masa kada ya ba baƙo sunan makarantarsa ko unguwarsu, kada kuma ya goge saƙonnin barazana, domin su ne hujja. TikTok da Snapchat da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, kuma manhajar Family Link ta Google tana ba uba damar ƙayyade lokacin da yaro zai yi a kan waya. A gidana dai waya ba ta kwana a ɗakin yara.

Ya kamata iyaye su san cewa dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga mai yi wa mutum irin wannan barazana. Ana kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn, kuma layin taimakon yara shi ne 116111. Da yawanmu muna rufe magana saboda kunya ko gudun shiga hannun hukuma, alhali macucin yana can yana farautar ɗan wani.

Ina roƙon malaman da suke karantar da yaranmu Alƙur'ani su riƙa ware ɗan lokaci a kan wannan batu, jaridarku kuma ta buɗe fili da Hausa inda za a nuna wa iyaye mata, waɗanda su ne suke wuni da yaran, yadda ake duba saitin waya.

Wassalam,
Baban Hafsatu,
Makka, Saudiyya