A kawo mana maganin sanƙarau mai kwanson maiƙo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu cutar ƙanjamau, kuma ba abin da ke tayar min da hankali kamar sanƙarau irin na fangas (wata ƙwayar cuta dangin fumfuna), wanda ke kama mutum idan garkuwar jikinsa ta karye. Maganin da muke da shi, amfoterisin B, yana kashe cutar, amma wahalarsa sai wanda ya gani. Ana ɗaura ƙarin ruwa, sai makyarkyata da zazzaɓi, bayan kwana biyu ko uku ƙoda ta fara gazawa. Har yau ina tuna wani magidanci da ya riƙe min hannu yana roƙon in cire masa robar.

Dalili shi ne maganin yana huda fatar ƙwayar fangas, amma yana taɓa ƙwayoyin jikin ɗan Adam, musamman na ƙoda. Sai masana suka yi dabara: suka saka shi cikin wasu ƙananan kwansuna na maiƙo, kowanne bai kai nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida miliyan. Kwanson yana riƙe maganin gam yana yawo cikin jini, ba ya zubar da shi a hanya, sai ya manne a bangon ƙwayar fangas sannan ya sake shi a can. Ƙoda ta samu sauƙi, likita kuma ya iya ba da kashi mai yawa a lokaci guda. Ana sayar da shi da sunan AmBisome, shi ne ma ake ba masu cutar kala-azar, wani zazzaɓi mai kumbura saifa.

An gwada shi a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Uganda da Zimbabwe. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba da shi sau ɗaya tak, a haɗa da ƙwayoyin sha na kwana 14, maimakon mako guda ana ƙarin ruwa da tsohon amfoterisin B mara kwanso.

Sau ɗaya tak, Malam Edita! Amma yana da tsada, talaka ba zai iya saye da kuɗin aljihunsa ba. Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu su saye shi su ajiye a manyan asibitoci, tare da abin gwajin da ke gano cutar a jini tun kafin ciwon kai ya yi tsanani.

Wassalam.
Wata ma'aikaciyar jinya, Zariya