Zuwa Ga Ɗana, Kan Insha'in Hadari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa kawunka ya dawo daga Haɗeja, kuma ya zo mini da littafin insha'in wani yaro ɗan ajinka, yana murna yana cewa in ga aikin ɗana. Na karanta, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Yaron ya siffanta hadari, amma abin da ya rubuta shi ne teku ta fusata tana dukan duwatsu, jiragen ruwa suna tangal-tangal. A ina ɗan Jigawa ya ga teku? Kawunka ya ce duk ajin haka suka rubuta, domin kai ne ka ɗauko daga waya, ka fassara, ka zuba a allo suka kwafe. Idan ƙarya aka yi maka, ka yafe mini. Idan kuwa gaskiya ne, to ka sani abin da yake tsorata ni ya wuce makin jarrabawa. Tsorona shi ne ka yaye yaran da za su girma suna ganin abin da idonsu ya gani bai isa a rubuta ba, sai abin da wani ya gani a wata ƙasa. Yaron da ya saba da haka a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, gobe ko takardar koke aka ce ya rubuta a kan gonarsa da ruwa ya ci, sai ya nemi wanda zai ara masa baki. Kuma kai za a tambaya, a nan da kuma gaban Allah. Ba don ka zama mai kwafe mahaifiyarka ta rabu da abin da ta rabu da shi ba, ka fi kowa sanin wannan. Ka taɓa cewa na cika tsanani lokacin da nake riƙe da alli. Na ji, amma ban taɓa ba yaro jimlar da zai haddace ya ce tasa ce ba.

Ga damina ta kusa, kuma hadarin farko ya fi kowane littafi. Idan ka ga gabas ta yi baƙi, ka ajiye darasin da kake yi, ka tsayar da su a baranda ko bakin taga, kada ka yarda kowa ya je gindin bishiya saboda tsawa. Su yi shiru su lura da yadda iska take ɗaukewa gari ya yi tsit, sannan ƙura ta taso ja, ledoji su tashi sama, awaki su ruga gida, mata su yi ta kwashe shanya. Su saurari bambancin cida da tsawa, da ƙarar ɗigon farko a kan kwano, su shaƙi ƙamshin ƙasa. Da an koma aji sai ka raba allo uku, kafin ruwa, lokacin ruwa, da bayan ya ɗauke, kowa ya kawo abin da ya gani ko ya ji a cikin magana tsurarta. Wannan shi ne tsarin insha'in, sakin layi uku sun samu ke nan.

Sai bayan haka adon magana zai shigo, kuma kaɗan-kaɗan. Ka tambaye su ƙarar ruwan nan a kan kwano da me ta yi kama, ka jira. Wani zai ce kamar ana sheƙa gero, wani zai ce kamar kalangu, to kamantawa ta samu daga bakinsu. Idan yarinya ta ce iska ta shigo gida ba sallama, ta yi mutuntarwa ba tare da ta san sunanta ba, sai ka gaya mata sunan daga baya. Ado ɗaya mai kyau ya wadatar da sakin layi guda.

Ka kuma tuna inda kake. A ambaliyar 2022 garuruwa da yawa a yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa sun sha ruwa, kuma ba mamaki a ajinka akwai wanda ɗakinsu ya faɗi a gaban idonsa. Irin wannan yaro idan ya rubuta magana ba ado, kada ka rage masa maki, idan kuma ya ƙi rubutawa, ka ba shi wani jigon.

Na san ajin ya yi maka yawa, albashi kuma ba ya kai wata, kuma na san kana da basirar da ta fi tawa. Idan kun yi darasin, ka aiko mini da littattafai biyu ko uku ta hannun direban da ya saba kawo saƙo, ina so in karanta. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.