Wasiƙa Daga Kaduna: Ranar da Z Ta Ɓace

Assalamu alaikum aminina,

Ya iyali, ya sanyin Ingila? Mu nan damina ta kankama, Kogin Kaduna ya cika har mutane na tsayawa kan gada suna kallo.

Ka tuna tsohuwar kwamfutar da ka haɗa mana a ofis kafin tafiyarka, wadda muke tara takardun kwastomomi a cikinta? Ranar Litinin aka yi ruwa da iska, aka ɗauke wuta, janareto bai tashi ba sai bayan azahar. Ina kunna tawa kwamfutar, sai ga jan X a kan Z, wato ƙofar da nake bi ta cikin tawa in buɗe takardun da ke cikin tsohuwar, na danna ta ƙi buɗewa. Ga oga tsaye a kaina, ga wani Alhaji daga Kawo na jiran takardar kwangilarsa.

Da farko wayar intanet da ke bayan kwamfutata na zarga. Na durƙusa ƙarƙashin tebur cikin ƙura da yanar gizo-gizo, na zare ta na mayar, koriyar fitilar bayan na ƙyaftawa lafiya lau. Intanet ma na aiki. Sai na tuna abin da ka koya mini, na buga ping 192.168.1.20, wato na kira tsohuwar kwamfutar da lambar adireshinta in ji ko za ta amsa. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa! Na je kan tsohuwar na buga ipconfig, ashe lambarta ta koma 192.168.1.23. Da wuta ta dawo, rauta, na'urar da ke haɗa mu da intanet, ta sake rabon lambobi, wata wayar salula ta riga ta karɓe 20.

A nan fa laifinka ne, mutumina. Da lamba ka ɗaure Z, ba ka kuma kafe lambar ba. Shekara biyu muna tafiya da sa'a kawai.

Na goge tsohon haɗin da umarnin net use Z: /delete, na ɗaura sabo da lambar yanzu, na ƙara /persistent:yes don ya riƙa dawowa kowace safiya. Ta nemi kalmar sirri. Ina ka san na samo ta? A takardar da ka manna cikin durowa, da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Daga baya na shiga saitin rauta na keɓe wa tsohuwar kwamfutar 23 ɗin dindindin.

Alhaji ya karɓi takardarsa kafin la'asar.

Abin da ke damuna yanzu Windows 10 ce ke kan tsohuwar kwamfutar, Microsoft ta daina tallafa mata tun Oktoban 2025, oga kuma ya ce tunda tana kunnuwa ba ya sayen wata. Ka kira shi, ya fi jin maganarka.

Ka gaida Madam da yara.

Naka har kullum.