Takardar Koke Kan Gidajen da Gobara Ta Ci a Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu ne magidanta da matan unguwar da gobara ta tashi a cikin wannan hunturu. Cikin dare aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi, waya ta kama a cikin silin na wani gida, iska ta kwashi wutar zuwa maƙwabta. Mun gode Allah ba a rasa rai ba. An zo jaje, an yi addu'a, an watse. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Iyalan nan sun koma kwana a ɗakunan da suka ƙone, domin ba su da inda za su. Bango ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ƙauri ya kama katifa da labule da tufafi, an wanke an shanya, bai fita ba. Yara na kwana da tari, wata dattijuwa mai asma kuwa sai a zaure take iya numfashi. Wasu sun yi saurin shafa fenti a kan baƙin ba tare da sun kankare sun wanke ba, ga shi ya sake ɓullowa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ginin ƙasa da ya sha ruwan kashe wuta, da azarar da ta ci wuta ta ciki amma daga waje sai ka ce lafiya lau take. A ƙarƙashinta ake shimfiɗa wa yara tabarma. Wayoyin da robarsu ta narke ma an ɗaure su da leda an mayar da wuta.

Saboda haka muna roƙon Hakimi ya sa Sarkin Magina da ƙwararren mai gyaran wuta su duba kowane gida, su faɗi ɗakin da za a iya kwana da wanda sai an rushe. Wanda aka hana ɗakinsa a sama masa masauki kafin damina ta faɗi. Muna kuma roƙon a kai sunayen waɗanda abin ya shafa ga ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, don a taimaka da kwanon rufi, katako, siminti da hatsi. Akwai waɗanda takardun gida da na makaranta suka ƙone, suna buƙatar shaidar Mai Unguwa kafin su nemi sababbi.

Akwai laifinmu a ciki, ba za mu ɓoye ba. 'Yan kwana-kwana sun amsa kira, amma motarsu ta tsaya a bakin titi saboda dakali da rumfuna da muka cinye lungu da su. Da bokiti aka yi ta fama. Maƙwabci ba ya iya ce wa maƙwabcinsa ya rushe dakalinsa, amma idan umarni ya fito daga fada kowa zai bi. Muna so kuma limamai su ja kunne a huɗuba kan ajiye fetur a ɗaki, da kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, da barin hitar ruwa a jone bayan an ɗauke wuta.

Matasanmu a shirye suke su kwashe toka da ɓaraguzai duk ranar da aka sa. Muna jiran umarnin Hakimi.

Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne naka,
Mazauna unguwar, maza da mata.