Mu daina barin kwamfuta a kunne dare da rana

Edita, ka ba ni fili in yi kira ga 'yan uwa a nan Gombe masu barin kwamfuta a kunne ba kashewa, wai don kar ta ɗau lokaci wajen tashi. Wallahi asara ce, musamman yanzu da muke sayen yunit a mita, tun da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa wutar awa 20 ko fiye a rana, sama da naira 200 kowane yunit a 2024. Kwamfutar tebur mai jan wat 100 in ta wuni ta kwana tana aiki ta cinye yunit 72 a wata, kai lissafa kuɗin, ga fankarta tana ta zuƙar ƙurar hunturu, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi kuma ta iya ƙonewa. In ka gama aiki ka kashe ta daga soket don Allah.

Naka, mai karatu daga Tudun Wada, Gombe