Rahoton Shekara Ga Membobinmu Masu Koyon Jirgi Marar Inji a Legas

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Bisa tsari Ma'aji ne ke kawo bayanin kuɗi, ni Sakatare in tsaya a kan ayyuka. To kun san tun bayan babbar Sallah aiki ya mayar da shi Kano, littafin kuɗi ya faɗo hannuna ba don na nema ba. Wanda ya ga ƙorafi ya yi yawa a rahoton bana ya yi haƙuri, jaki ɗaya aka ɗora wa kaya biyu.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na Yuni da ruwa ya hana kowa fita.

Waɗanda suka cika kuɗin wata ba su kai rabinmu ba, kuma fuskokin bara ne dai. Na buga waya har wasu sun daina ɗauka. Wani ya ce sabis ne ya ƙi, wata huɗu ke nan sabis ɗin bai dawo ba. Wani babba a cikinmu ya hango ni a kasuwar Mile 12 ya shige bayan buhunan albasa. Na gan ka, Alhaji, girmanka ne ya sa na wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda ba su biya ɗin su ne ke fara tambaya a dandalinmu na WhatsApp: wai ƙungiyar jirgi, ina jirgin?

Bari in amsa a rubuce, kada a sake tambayata. Jirgin koyo mai kujera biyu irin ASK 21 da ake ƙerawa a Jamus, faɗin fikafikansa mita 17 ne, kuɗinsa kuwa ko kowa ya biya na shekara goma gaba ɗaya ba za mu doshe shi ba. A ce ma kyauta aka ba mu, a ina za mu tashe shi? Mu da ke Agege jiragen filin Murtala Muhammed ta kanmu suke wucewa, sararin nan ba na wasa ba ne. Injin jan igiya da ke cilla jirgin sama daga ƙasa yana son fili miƙaƙƙe da ya kai kilomita guda ko fiye, ga izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ga malami mai lasisi. Ga kuma yanayin garin: da rana ta take sai iskar teku ta shigo ta kwantar da iskar da jirgin ke hawa, da hunturu kuma hazo ya rufe ido. Tun ranar farko mun faɗa, mu makarantar allo ce ta tuƙin jirgi. Karatun ƙasa muke yi, da fatan wata rana mu tura ɗayanmu inda ake tashi.

Karatun Asabar kuwa ya tafi daidai, kuma yaran da suka dage sun ba ni kunya ta alheri. Yanzu kowannensu zai iya yi maka bayanin cewa jirgi marar inji kullum gangarowa yake a cikin iska, sai dai idan iskar da yake ciki tana hawa fiye da yadda yake sauka, to sama zai yi. Ita ce muke kira tururin ƙasa a aji: rana ta gasa fili ko rufin kwano, iska mai zafi ta miƙe sama, matuƙi ya shiga cikinta yana kewayawa kamar ungulu. Sun haddace cewa ASK 21 daga tsayin kilomita ɗaya zai iya shafe kusan kilomita 34 kafin ya taɓa ƙasa idan iska na kwance, da cewa lambar azurfa ta FAI, hukumar wasannin sararin sama ta duniya, tana buƙatar awa 5 a sama, hawan mita 1,000, da tafiyar kilomita 50.

Godiya ta musamman ga Injiniya, wanda aiki ya kai shi Afirka ta Kudu ya samu shiga wani kulob na masu irin wannan jirgi. Da ya dawo ya ba mu darasi biyu, kuma da ma waɗanda ba sa zuwa ne suka ji. Ya ce da sassafe kowa ke haɗuwa a turo jirage daga rumfa da hannu, a duba su daga hanci har wutsiya. Wani ya riƙe bakin fiffike ya yi gudu da shi lokacin tashi, wani ya ɗauko igiya da mota, wani ya zauna da littafi yana rubuta lokacin tashi da sauka. Likita ne kai ko ɗan makaranta, sai ka tura jirgi. Sai ka wuni a rana don tashi biyu ko uku, wani ma minti shida ka sauko idan ba a samu tururi ba. Injin igiya ya fizge ka sama da mita 300 cikin ƙasa da minti guda, malami na kujerar baya yana ce maka ka dubi zaren ulun da aka manna a gilashin gabanka, in ya karkace to ƙafarka da hannunka ba su jitu ba. Da yamma a wanke jirgi a mayar. Wanda bai yi aiki ba, ba ya tashi. Nan kuwa ɗaukar benci ma sai an yi roƙo.

Yanzu abin da ya faranta mana rai, wato ranar yara da muka yi a filin wata makaranta can bayan Ikorodu, nesa da hanyar jirage. Motocin danfo biyu muka cika da ɗaliban Islamiyya, maza da mata, da wasu iyaye. 'Yan uwanmu na Alaba sun tara mana farin soson nan da ake tokare firji da shi a cikin kwali, mai tsirenmu ya ba da ƙunshin tsinke kyauta, Allah Ya saka. Da reza da gam da tsinken tsire kowane yaro ya haɗa ɗan ƙaramin jirginsa.

Jifan farko abin dariya ne. Jirgi ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya rikito, ya sake ɗagawa. Wani yaro ya ce nasa aljanu ne da shi. Injiniya ya durƙusa, ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fikafikai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, sai wutsiya ta rinjaya. Ya ce, "Ka gani, ɗana, nauyi ne ya koma baya." Aka soka 'yar ƙusa a hanci aka liƙe da cingam, yaron ya sake jefawa, jirgi ya zarce sumul har bakin raga. Daga nan fili ya rikice, kowa na neman ƙusa. Muka yanka tsohon tub na keke muka riƙa harba su, na gaya musu haka Jamusawa suka riƙa cilla jiragen gaske da igiyar roba a tsaunin Wasserkuppe a shekarun 1920, lokacin da yarjejeniyar bayan yaƙin duniya na farko ta taƙaita musu jirage masu inji.

Dab da azahar wata shirwa ta zo tana shawagi a kan rufin ajujuwa, ko fiffike ba ta kaɗawa. Wata yarinya da tun safe ba ta ce uffan ba ta harba nata ta wajen. Maimakon ya sauko sai ya karkata ya fara kewaye, yana hawa, yana hawa, har ya haye katanga ya tafi. Fili ya yi tsit, sannan aka ɓarke da kabbara. Yarinyar ta fashe da kuka don jirginta ya ɓata, mu manya kuwa muna ta tsalle kamar ba mu ba. Shekara nawa muna zana tururin ƙasa a allo, ranar muka gan shi da ido.

Mahaifinta ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sakatare, tsakani da Allah, hawa jirgi babu inji ba ganganci ba ne?" Na ba shi labarin Boeing 767 na Air Canada da mai ya ƙare masa a sama a 1983. Matuƙin ya saba da jirgi marar inji, ya lallaɓa ya sauke shi a Gimli da ke Kanada, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ya yi shiru, sannan ya tambayi nawa ne kuɗin shiga. Ya biya nan take, har da na wata uku gaba. Wasu su ji kunya.

Abubuwan da ba a gama ba, kada a ɗora mini. Kujerar koyon tuƙi ta kwamfuta an haɗa katakonta, sandar tuƙi tana nan, manhajar Condor ma an saya. Wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar, kuma na kawo maganar sayen na'urar kariya tun kafin hakan aka ce a jira kuɗi su shigo. Ziyarar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 don horar da matuƙa, an ɗage ta karo na biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota zuwa Arewa ya wuce tunani, kuma masu ɗaga hannu a taro ba su ne masu kawo kuɗin kujera ba. Rajistar ƙungiya ta tsaya ne saboda biyu daga cikin amintattu har yau ba su kawo hoto da katin shaida ba. Asusun tura ɗalibi waje kuwa, abin da ke ciki ko fasfo ba zai yi ba.

Taro na gaba Asabar ta farkon wata bayan la'asar, a inda aka saba. Za a zaɓi sabon Ma'aji, kuma kada wanda ya ambaci sunana. Kowa ya zo da bashinsa a hannu. Wanda ya tafi da bindigar gam ranar Ikorodu ya dawo da ita, ta aro ce.

Wassalam,
Sakatare