Wasiƙa ga ɗana a kan motar da ke jan iska

Ɗana,

Bayan gaisuwa, kawunka ya ce babbar motar, 911 ɗin, ta kwana biyu a Tudun Hatsi da lodin masara, kullum da asuba sai an yi fama kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta mutu. Iska take ja. Kada ka bari a kwance maka famfon injekta, wato wanda ke tura gas cikin injin da ƙarfi.

Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙo gas ake yi, shi ya sa ramin da bai ɗigar da mai ba yake shigar da iska, ka duba ƙasa ka ga a bushe. Sa farin tiyo mai nuna abin da ke cikinsa tsakanin filta da famfon injekta, ka tayar, ka zuba ido. In ka ga kumfa na wucewa, ɗauko galan mai tsabta ka ba injin gas kai tsaye. Kumfa ta ɗauke? To matsalar tana baya, ko fayif ɗin cikin tanki ya yi tsatsa, ko tiyo ya tsage a bakin kilif. In ba ta ɗauke ba, duba robar filta, don yara kan bar tsohuwa su ɗora sabuwa a kai. Washar jan ƙarfe kuwa in an kwance ta, a canja. Famfon hannu ma, in ba a murɗa kansa ya kulle ba, ta nan yake sha.

Wajen fitar da iskar, sassauta notin kan filta, ka yi ta buga famfon hannu har gas ya fito ba kumfa, ka ɗaure, sannan na jikin famfon injekta. Wajen tayarwa kuma, kada ka riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 15.

Abin da ya hana ni barci daban ne. An ce da baki kake zuƙo gas ta tiyo. Kai yaro ne? Kurɓi ɗaya in ya sarƙe ka ya gangara huhu, sai dai asibiti, kuma ba amai ake sa mutum ba, don shi ke ƙara tura shi. Ni na koya maka haka? Da na hana ka taɓa fayif ɗin nozul mai fesa gas injin na aiki ka ce tsoro gare ni, alhali ƙarfin man wurin ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 50, yana huda fata. Wannan ma haka za ka ce.

Ban faɗa wa innarka ba. Na ba kawunka famfon roba na matsawa da washa 10, ka karɓa a hannunsa ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka